Wace furosesa ce ba za ta riƙa ɗaukar zafi ba a laftof ɗin gem? Ina Abuja

Ɗan Kubwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar nan. Laftof ɗin gem nake son saya, don EA Sports FC da GTA V da Warzone, sai ɗan gyaran bidiyo jefi-jefi. Ɗakina babu esi, fanka ce kawai, kuma kun san yadda garin nan yake daga Fabrairu zuwa Afrilu. Na zagaya kasuwar kwamfuta ta Banex, kuɗina sun kai ga ɗaya cikin uku. Ta farko siririya ce mai furosesa (guntun da ke sarrafa duk aikin kwamfuta) Core i9-13900H da katin hoto RTX 4050, cajarta wat 120. Ta biyu Ryzen 7 7840HS da RTX 4060, tana da ɗan kauri, cajarta wat 230. Ta uku Core i7-13650HX da RTX 4060, ita ma mai kauri, caja wat 230. Mai shago ya dage sai in ɗauki mai i9, wai babu sama da ita. Wacce ce ba za ta dame ni da zafi ba? Da gaske ne Ryzen ta fi Intel sanyi? Kuma digiri nawa ne mutum zai gani ya ce an shiga haɗari? Na gode.

Injiniya Wuse:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ajiye sunan i7 da i9 a gefe tukuna, ka dubi wat. Duk wutar da furosesa ta ja, kusan gaba ɗayanta zafi take komawa. Idan ta ja wat 90, to akwai wat 90 na zafi da dole fankoki su fitar daga cikin akwatin. Saboda haka tambayoyi biyu ne a gabanka: wat nawa wannan furosesa take so ta ja kafin ta ba ka gudun da kake nema, kuma wat nawa jikin laftof ɗin zai iya fitarwa ba tare da tsayawa ba.

Harafin ƙarshen suna shi ke gaya maka ajinta. A Intel, U wat 15 ce, ta aikin ofis, ba ruwanka da ita. H wat 45 ce a rubuce. HX wat 55 ce a rubuce. Amma waɗannan alƙaluma na ƙasa ne. Intel da kanta ta rubuta cewa i9-13900H tana iya hawa har wat 115 idan ta ɗauki gudu, i7-13650HX kuma har wat 157. HX asalinta furosesar kwamfutar tebur ce aka liƙa a babban allon cikin laftof (motherboard), shi ya sa ko tana zaune ba ta aikin komai tana shan wuta fiye da H, kuma batir ba ya daɗewa da ita. A ɓangaren AMD, kamfanin da ke yin Ryzen, 7840HS an tsara ta tsakanin wat 35 zuwa 54, kor 8 gare ta, wato ƙananan injinan aiki 8 a cikinta, an ƙera ta da fasahar nanomita 4 ta kamfanin TSMC. Masu haɗa laftof sukan sakar mata linzami ta wuce haka na ɗan lokaci, amma abin da ya sa ake yabonta shi ne ko an tsayar da ita a wat 45 ba ta rasa wani gudu mai yawa.

Yanzu ga maganar mai shagonka. i9-13900H da i7-13700H duk kor 14 gare su, manya 6 ƙanana 8. Bambancin shi ne i9 tana kaiwa gudun 5.4 GHz, i7 tana tsayawa a 5.0. Wannan ɗan ƙarin na sama shi ne mafi tsadar gudu a duk furosesa, domin sai an ƙara boltej kafin a kai can, kuma wutar da ake ja tana ƙaruwa ne da boltej sau boltej, ba kai tsaye ba. A siririn jiki mai caja wat 120, za ta taɓa 5.4 na 'yan daƙiƙoƙi, ta kai digiri 100, sannan ta ja da baya ta zauna inda i7 ko ma i5 take zaune. Ka biya kuɗin i9 ke nan, kana amfani da gudun i5, ga ƙarar fanka a kunne. Kamar a ɗora injin tirela ne a kan lagireton Golf.

Cajar ma ta tona asirin. Wat 120 ne za su ciyar da furosesa da katin hoto da allon kallo da cajin batir, duka. Ka ga babu ta inda i9 za ta samu wat 115 ana cikin gem.

Abu na biyu, gem ɗin da ka lissafa katin hoto suke ci fiye da furosesa. RTX 4050 tana da ƙwaƙwalwar ajiya 6 GB, RTX 4060 tana da 8 GB, kuma Warzone yana jin wannan bambancin. Sai dai ka lura, Nvidia, kamfanin da ke yin katin RTX, ta bar masu haɗawa su saita RTX 4060 ta laftof daga wat 35 har zuwa 115, da ƙarin har wat 25 da ake arowa daga kason furosesa idan ba ta buƙata, abin da suke kira Dynamic Boost. Shi ya sa za ka ga RTX 4060 mai wat 45 a MSI Cyborg 15, ka kuma ga mai wat 140 a ASUS TUF A15, suna ɗaya amma aiki ba ɗaya ba. Ka buɗe NVIDIA Control Panel, ka danna System Information a ƙasa gefen hagu, ka nemi Maximum Graphics Power. A nan gaskiyar take. Ita 4060 daga wajen wat 100 zuwa sama ƙarin da take yi kaɗan ne, don haka kada ka ƙi mai wat 105 ko 115 saboda ka ji akwai 140.

A cikin ukun nan, ni ta biyu zan ce ka ɗauka. Ta uku za ta fi ta sauri wajen fitar da bidiyo saboda kor 14, kuma ba laifi ba ce idan jikin yana da kyau, amma tana buƙatar a sa mata iyaka da hannu, kuma a ɗakin da babu esi kai ne za ka ji a jikinka. Ta farko ka bar wa mai shago.

Ka yi hankali da sunayen AMD ma. A jerin 7000, lamba ta uku ce ke nuna zamanin ƙirar. 7840HS tana da 4, wato Zen 4. 7735HS tana da 3, wato Zen 3+, tsohuwar 6800H ce aka sake wa suna. Ba ta da aibu, tana buga gem lafiya, amma kada a sayar maka da ita a farashin 7840HS. 8845HS kuwa kusan 7840HS ce, idan ka same ta a farashi ɗaya ka ɗauka. 7435HS ba ta da katin hoto na cikin furosesa, ma'ana RTX ɗin zai riƙa aiki ko kana karanta labarai ne, ƙarin zafi da cin batir ke nan.

Kuma furosesar laftof a liƙe take da dalma a jikin allo, ba a canzawa. Abin da ka saya yau da shi za ka zauna.

Mai Gyara Taminus:

Injiniya ya gama magana kan furosesa, Allah ya ƙara sani. Ni jikin na'urar zan taɓa, don laftof biyu masu furosesa iri ɗaya sak suna iya bambanta da digiri 10 ko fiye, kuma jiki ne sanadi.

Malam Ɗan Kubwa, kafin ka ciro kuɗi ka juya ta ka kalli ƙasanta. Kana son fanka biyu, ba ɗaya ba. Ka leƙa ta ramukan ƙasa ka gani ko a buɗe suke daidai saitin fankokin, domin akwai waɗanda zanen rami ne kawai aka yi a roba, iskar da ke shiga kaɗan ce. Ka ƙirga mafitar iska: huɗu, biyu a baya biyu a gefe, sun fi biyu. Ka haska da fitilar waya ka tabbatar kowace mafita akwai haƙoran lagireto a bayanta, wasu na ado ne. Sannan ka nemi hoton cikin wannan samfurin a intanet ka ƙirga bututun jan ƙarfe masu kwashe zafi zuwa lagireto. Idan bututu biyu ne kacal kuma furosesa da katin hoto suna rabawa, zafin ɗaya zai riƙa hawa kan ɗaya. Uku zuwa sama, ko faffadan farantin tururi (vapor chamber) mai yin aikin bututun, shi ake nema. Nauyi ma shaida ne: mai inci 15 ko 16 da ta kai kilo 2.2 zuwa 2.5 yawanci jan ƙarfe ne ya ƙara mata nauyin.

Game da digiri. Intel ɗin nan biyu da ka lissafa iyakarsu 100, 7840HS ita ma 100, 7735HS kuma 95. Idan suka kai nan da kansu suke rage gudu, ba ƙonewa suke yi ba. Katin Nvidia na laftof yana fara ja da baya a wajen 87. To 95 da ka gani na ɗan lokaci ana loda gem ba abin tashin hankali ba ne. Abin da ba a so shi ne ta zauna a 95 zuwa 100 awa biyu kullum. Ita furosesar za ta jure, amma maƙwabtanta ne ke shan wahala: batir ya kumbura, man da ke tsakanin furosesa da jan ƙarfe ya bushe, fanka ta cinye gindinta ta fara ƙara, ma'ajiyar fayiloli (SSD) ya yi zafi ya rage gudu. A cikin gem, idan furosesa tana tsakanin 75 da 88, katin hoto tsakanin 70 da 82, ka kwantar da hankalinka.

Ga wani abu da masu kallon bidiyon gwaji a YouTube suke mantawa. Waɗancan gwaje-gwaje a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25 ake yin su. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakinka take turawa. Idan ɗakin ya ƙaru da digiri 10, furosesa ma za ta ƙaru da kusan 10 a wat iri ɗaya. Wanda ya nuna maka 84 a Jamus, kai a Kubwa cikin Maris da rana ka lissafa 94 ko fiye. Yawancin kamfanoni ma digiri 35 suke rubutawa a matsayin iyakar zafin ɗakin da za a kunna ta. Mu nan Jos muna da sauƙi ta wannan fuska. Sai dai tudunmu ya kai mita 1,200, iska ta fi ta bakin teku sakayau da kusan kashi 10 cikin 100, fanka ba ta kwasar zafi kamar yadda za ta kwasa a ƙasa. Duk da haka sanyin garin ya rufe wannan giɓin har da ragowa. Ku mutanen Abuja ne kuke buƙatar barin tazara.

Yadda za ka gwada a shago, musamman idan ta hannu ce. Ka je da manhajar HWiNFO64 mai nuna zafi da wat, da Cinebench R23 mai matsa wa furosesa, a filashi, duk kyauta ne. Ka jona caja, ka sa ta a yanayin ƙarfi, a Lenovo Fn da Q ne, a ASUS Fn da F5. Ka buɗe HWiNFO64 a Sensors-only, ka kunna gwajin Multi Core na Cinebench na minti 10. Abubuwa uku za ka kalla. Na ɗaya CPU Package Power: nawa ta fara da shi, nawa ta zauna a kai bayan minti 5. Wannan na biyun shi ne ainihin ƙarfin sanyayar na'urar. Na biyu, layin Thermal Throttling, wato rage gudu saboda zafi, ko ya koma Yes ya zauna a haka. Na uku, tazarar zafi tsakanin manyan kor. Idan wani yana 98 wani yana 80, an ɗaura jan ƙarfen a karkace ko man ya gudu gefe. Cinebench yana matsa furosesa fiye da kowane gem, saboda haka taɓa 95 a nan ba hukunci ba ne. Hukuncin shi ne ta kai 100 alhali wat 35 ko 40 kawai take ja. Wannan ko dai ƙura ta toshe ta ko man ya mutu. Bayan haka ka kunna gem na minti 15 ka dubi GPU Temperature da GPU Hot Spot, wato zafin katin hoto da na wurin da ya fi zafi a cikinsa. Tazarar 10 zuwa 15 daidai ce, idan ta haura 25 akwai matsala a man katin. Mai shagon da ya hana ka wannan gwajin, ka gaishe shi ka wuce gaba.

Sai ƙura, kuma ita ce babbar mai kashe laftof ɗin gem a Arewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yana shiga ko'ina. Ƙurar tana haɗuwa da zaren bargo da gashi ta zama kamar auduga a tsakanin fanka da haƙoran lagireto. Daga waje ba a ganinta, fanka tana ta ihu amma iska ba ta fita. Kowane wata 3 a share, a hunturu kuma a ƙara yawaita. A kashe, a cire caja, a kwance murfin ƙasa, a zare filogin batir daga allo kafin a taɓa komai. A danne fuka-fukan fanka da yatsa ko tsinken sakace, sannan a hura daga ciki zuwa waje da ƙaramar bulowa, a bi da burushi mai laushi. Idan aka bar fanka tana juyawa da ƙarfin iskar bulowa gindinta yana lalacewa. Kada a kai wa mai faci ya hura da kwampiresa, iskarsa tana da ruwa da mai, kuma ƙarfin ya yi yawa.

Man sanyaya kuwa, sabuwar laftof ka bar ta yadda take, kada ka buɗe jan ƙarfen, ka ma tambayi mai sayarwa ko buɗe murfi yana taɓa garanti. Bayan shekara 1 zuwa 2, idan ka ga zafi ya hau alhali babu ƙura, sai a canza. A laftof babu murfin ƙarfe a kan furosesa, kai tsaye jan ƙarfe yake kwanciya a kan gilashinta. Da zafi da sanyi suna ta miƙewa suna tsukewa, man mai ruwa-ruwa sai ya riƙa tsiyayewa gefe cikin 'yan watanni. Shi ya sa ake son PTM7950 na Honeywell, wanda yake zuwa kamar siririn faifai, yana narkewa a wajen digiri 45 ya cike ƙananan ramuka, ya sake daskarewa idan an kashe. A sa shi a firji na ɗan lokaci kafin a yanka, ya fi sauƙin ɓarewa. A goge tsohon man da sinadarin gogewa na isopropyl mai kashi 90 zuwa sama. A ɗaura sukurorin jan ƙarfen bisa lambobin da aka rubuta a jikinsu, 1, 2, 3, 4, kaɗan-kaɗan ana zagayawa, ba a ƙulle ɗaya gaba ɗaya sannan a koma na biyu ba. Ƙananan katifun roba da ke kan ƙwaƙwalwar katin hoto a bar su, ko a maye su da masu kauri iri ɗaya. Wanda ya sa mai milimita 1.5 inda 1 yake, ya ɗage jan ƙarfen daga kan furosesa, zafi ya fi na da. Wasu ASUS ROG suna zuwa da ruwan ƙarfe maimakon man, shi yana ɗaukar wuta, ɗigo ɗaya a kan allo ya isa ya kashe ta, kuma yana cin alminiyom. Irin wannan sai wanda ya saba.

Anti Gwarimpa:

Sannunku da ƙoƙari. Injiniya, ban ƙi zaɓinka ba, amma bari in gyara wa ƙanena wata fahimta kafin ya je ya kunna Ryzen ɗin ya ga 92 ya ce an yaudare shi. Ryzen ba lallai ta nuna ƙaramar lamba a ma'aunin zafi ba. Kor ɗinta ƙanana ne ƙwarai, zafin ya taru a ɗan wuri, kuma an tsara ta ta riƙa hawa har sai ta kusa iyaka in dai akwai sarari. Tana iya nuna 90 tana jan wat 50, Intel tana nuna 90 tana jan wat 85. Lamba ɗaya, amma ta biyun ce za ta gasa maka madannai da batir. To amsar tambayarka ita ce: 7840HS tana yin aiki iri ɗaya da ƙarancin wuta, wannan gaskiya ne. Cewa kowace Ryzen sanyi gare ta, wannan ba haka ba ne. Ryzen 9 7945HX mai kor 16 ita ma aji ɗaya take da HX na Intel wajen shan wuta.

Kuma duk wadda ka saya, rabin maganin zafi a saiti yake, ba ya cin ko kwabo.

Fara da iyakance FPS, wato yawan hotunan da gem yake fitarwa a daƙiƙa ɗaya. Idan allonka 144 Hz ne kuma gem yana fitar da 200, ragowar wuta ce ake ƙonawa a banza. A NVIDIA Control Panel, Manage 3D settings, akwai Max Frame Rate. Ga FC da GTA V ka sa 60 ko 90, ga Warzone ka dubi abin da take iya riƙewa ba tare da faɗuwa ba ka tsayar a nan. Wannan kaɗai yana sauke furosesa da katin hoto tare.

Sannan ka rage wa furosesa wat. A manhajar kamfanin, Lenovo Vantage ko Armoury Crate ko makamancinsu, akwai yanayin da mutum yake saita da hannu. Masu ASUS da yawa sun koma manhajar G-Helper don ya fi sauƙi. A Intel za ka ga PL1 da PL2, na farko na dogon zango, na biyu na gajeren hawa. Ga gem ka sa PL1 a 40 zuwa 45, PL2 a 55 zuwa 60. A Ryzen sunayen SPL da sPPT da fPPT ne, ka sa su tsakanin 35 da 45. Abin da mutane ba sa tsammani shi ne sau da yawa FPS ba ya raguwa, wani lokaci ma ƙaruwa yake yi, saboda wat ɗin da furosesa ta bari katin hoto ne yake karɓa, kuma bututun da suke rabawa ya samu sarari. Ranar da za ka fitar da bidiyo sai ka mayar da ita yanayin ƙarfi.

Idan manhajar ba ta ba ka wannan dama ba, Windows yana da nasa a ɓoye. Ka buɗe Command Prompt a matsayin administrator ka rubuta:

powercfg -attributes SUB_PROCESSOR PERFBOOSTMODE -ATTRIB_HIDE

Daga nan ka shiga Power Options, Change advanced power settings, Processor power management, za ka ga Processor performance boost mode ya bayyana. Disabled yana hana furosesa hawa sama da gudunta na ƙasa gaba ɗaya. Wannan ya dace da 7840HS, don gudunta na ƙasa 3.8 GHz ne, ya ishi yawancin gem, kuma zafi yana faɗuwa sosai. A Intel H da HX gudun ƙasa bai kai haka ba, kashe shi gaba ɗaya zai iya sa Warzone ya riƙa tsinkewa, gara ka bi ta hanyar wat.

Rage boltej kuwa kada ka sayi laftof da dogaro a kansa. Tun bayan matsalar tsaro ta Plundervolt a 2019 aka fara rufe shi. H na zamani na 12 da na 13 a rufe suke. HX ce ake iya taɓawa da manhajar ThrottleStop ko Intel XTU, ita ma sai idan mai haɗawa ya bari a BIOS, wato saitin tushe na na'urar, kuma Memory integrity na Windows 11 yana hana ThrottleStop aiki. Wannan ne ɗan abin da ta ukunka ta fi da shi: idan a buɗe take, ka fara da -50 mV, ka riƙa ƙara 10 kana gwadawa, ranar da ta daskare ko ta nuna shuɗin allo ka koma baya da 20. Na katin hoto ya fi tabbas. A manhajar MSI Afterburner ka danna Ctrl da F, ka zaɓi wuri a wajen 850 zuwa 900 mV, ka miƙe layin daga nan zuwa dama, ka gwada da gem na rabin awa.

Ka kuma duba RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta laftof. Idan 16 GB ɗin sanda ɗaya ce, ka nemi ta biyu irinta, ko ka ce a ba ka 8 biyu. Ba maganar zafi ba ce kai tsaye, amma sanda ɗaya tana riƙe furosesa a gem, sai mutum ya ɗauka zafi ne ya sa take tsinkewa.

Ɗan Kubwa:

Allah ya saka muku da alheri, Injiniya da Malam Mai Gyara da Anti. Na tsaya a kan mai 7840HS, zan je da filashi in gwada. Saura biyu. Faifan sanyaya da ake sa wa a ƙasa yana da amfani ko ɓarnar kuɗi ne? Sannan idan an ɗauke wuta da inbata ko ƙaramin janareta nake amfani, akwai abin da zan kiyaye? Wani abokina kuma yana son tokunbo mai i7-10750H da RTX 2060 don kuɗinsa ba su kai nawa ba, me za ku ce masa?

Injiniya Wuse:

Amin ɗan'uwa. Gyaran Anti daidai ne, wat ake kallo tare da digiri, ba digiri kaɗai ba.

Faifan sanyaya iri biyu ne. Mai arha da ake jonawa a USB, mai fitilu, yawancin amfaninsa ɗaga laftof ɗin ne daga tebur. Ka ɗaga bayanta da santimita 2 zuwa 3 da kowane abu mai tauri wanda bai rufe ramukan ba, ka samu kusan abin da zai ba ka. Ɗaya irin shi ne mai soso a kewaye wanda yake rufe ƙasan laftof ruf, da babbar fanka mai nata filogi, kamar na IETS da Llano. Wannan yana tura iska da ƙarfi ta cikin ramukan kuma yana sauke zafi da gaske, wasu suna da matatar ƙura da ake cirewa a wanke, abin da ya dace da hunturu. Ƙararsa ce matsala, sai da abin kunne. Kada ka buga a kan katifa ko darduma ko cinya, kada bayanta ya matsu da bango, ka bar aƙalla taƙi guda. Fankar ɗaki ta riƙa bugowa daga gaba ko gefe, ba ta fuskar da iska mai zafi take fita ba. Kada kuma a ɗora ƙanƙara ko ledar ruwan sanyi a kusa da ramuka, raɓa ce za ta taru a ciki.

Wuta: cajar asali tana karɓar 100 zuwa 240 V, saboda haka ɗan hawa da sauka ba ya damunta, amma ka sa abin kariya daga bugun wuta, kuma ka zare ta lokacin tayar da janareta da lokacin da ake dawo da wuta. Inbata mai tsaftatacciyar wuta, wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta, ita ce ta dace. Ɗaya irin tana sa caja ta yi zafi tana ƙugi. Lissafin batir: 12 V sau 200 Ah wat-awa 2,400 ne, rabi ake ci a batirin ruwa idan ana so ya daɗe, saura 1,200, inbata ta ci nata kason ya rage kusan 1,000. Laftof mai jan wat 180 za ta kai awa 5 da rabi. Idan ka bi saitin Anti ta sauko wat 110, awa 9 ke nan. Kada ka yarda a musanya maka cajar wat 230 da ƙarama ko ta jabu. Idan caja ta gaza, laftof tana cike giɓin daga batir alhali tana jone, batir yana caji yana sauka yana zafi. Ka kuma kunna iyakar caji a 80 ko 60 cikin 100 a manhajar kamfanin tunda yawanci a jone za ta zauna, cikakken batir a cikin zafi shi ne yake saurin kumbura.

Abokinka kuwa, i7-10750H ta 2020 ce, kor 6, tsohuwar ƙirar nanomita 14, kuma an san ta da son wuta. Idan zai iya samun mai Ryzen 5 5600H ko Ryzen 7 5800H da RTX 3060, ko i7-11800H, ya fi masa. Idan dole ita ce, ya sa kuɗin share ƙura da canza man sanyaya a cikin cinikin tun farko, ya duba faifan da ake shafawa da yatsa (touchpad) ko ya taso sama, alamar batir ya kumbura ke nan, ya saurari fankokin biyu ko ɗaya tana gurnani. Ya yi gwajin minti 10 ɗin da Mai Gyara ya faɗa, kuma da cajarta ta asali a jone, ba wadda mai shago ya aro daga wata na'ura ba.